Yadda Ake Koya wa Yaro Warware Matsala da Kansa

Wata rana da hantsi aka aiki ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara 8, ya sayo sukari a shagon da ke bakin layinmu. Bayan ɗan lokaci sai ga shi ya dawo da kuɗin a dunƙule cikin hannunsa, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Umma, shagon a rufe yake." Tsakanin wannan shago da wani mai sayar da irin kayan bai fi taku 30 ba, kuma yaron ya san wurin sarai, domin can yake sayen alewa. Uwar ta hau shi da faɗa, tana cewa ba shi da wayo, ga koko ya huce, ga ƙannensa suna jira. Da ƙura ta lafa na ja shi gefe na tambaye shi abin da ya hana shi ƙarasawa ɗaya shagon, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ai ba can aka aike ni ba. Rannan da na sayo a wani wuri duka na sha." A nan na gane cewa yaron ya yi lissafinsa daidai da abin da gidan ya koya masa: wanda ya yi aiki da tunaninsa ya kuskure bulala ce rabonsa, wanda kuwa ya dawo hannu rabbana faɗa kawai zai sha.

Iya warware matsala abu ne da ake koyo, kamar wanki ko tuƙin keke, kuma babban abin da ke hana yaranmu koyonsa shi ne gaggawarmu mu manya. Ko dai mu karɓe aikin daga hannun yaro mu yi masa, ko kuma mu tsawata masa har tsoro ya rufe masa tunani. Wani malamin lissafi ɗan asalin ƙasar Hungari mai suna George Pólya, wanda ya koyar a Jami'ar Stanford ta Amurka, ya tsara hanyar warware matsala a matakai 4 tun a 1945: a fahimci matsalar, a shirya dabara, a aiwatar da ita, sannan a waiwaya a duba abin da aka samu. Ɗaliban lissafi ya yi wa wannan tsari, amma yana aiki a tsakar gida kamar yadda yake aiki a kan allo. Matakan da ke tafe a kansa aka gina su, sai dai na ƙara faɗaɗa su domin su dace da ƙaramin yaro da kuma irin zaman gidajenmu.

Kafin a fara komai, sai an zaɓi matsalar da ta yi daidai da yaron. Masanin halayyar yara ɗan ƙasar Rasha, Lev Vygotsky, wanda ya rasu a 1934, ya nuna cewa tsakanin abin da yaro yake iya yi shi kaɗai da abin da ya fi ƙarfinsa gaba ɗaya akwai wani fili, wato abubuwan da zai iya yi idan an ɗan tallafa masa, kuma a wannan fili ne koyo yake faruwa. Ɗan shekara 3 ko 4 matsalarsa ita ce takalmi ya shige ƙarƙashin gado hannu bai kai ba, ko murfin roba ya ƙi dacewa da bakinta. Daga wajen shekara 7, kamar yadda binciken Jean Piaget ɗan ƙasar Suwizalan ya nuna, yaro yana fara bin hujja mataki-mataki muddin abin yana gabansa yana taɓawa, saboda haka aike, canji, rabon abinci da gyaran ƙananan kaya sun dace da shi. Tunani a kan abin da ba a gani, irin na "da a ce", yakan ƙarfafa ne daga wajen shekara 11 zuwa 12. Akwai kuma abubuwan da ba a koyo a kansu ko kaɗan: guga ya faɗa rijiya, wayar lantarki ta tsinke, tukunyar gas tana wari, ƙani ya sha magani ko kalanzir. A irin waɗannan dabara ɗaya ce tak, kuma a nanata masa ita har ta zauna: ya ja da baya, ya kira babba.

Mataki na farko shi ne a sa yaro ya natsu, sannan ya faɗi matsalar da bakinsa. Yaron da ke kuka, ko wanda yake kallon hannunka don ya ga ko mari na tafe, ba ya iya tunani, don haka duk tambayar da aka yi masa a wannan hali asara ce. A zauna ko a durƙusa har fuska ta yi daidai da tasa, a sassauta murya, a bari numfashinsa ya daidaita. Bayan haka a ce masa, "Gaya mini abin da ya faru." Abin da zai fara fitowa daga bakinsa yawanci ƙorafi ne mai faɗi, irin su "ta lalace", "ba na iyawa" ko "sun hana ni". Aikin babba a nan shi ne ya yi ta tambaya har ƙorafin ya ƙanƙance ya koma abu ɗaya da za a iya kamawa.

Mu ɗauki misalin tocila. An ɗauke wuta da magariba, yarinya 'yar shekara 9 ta ɗauko tocila za ta duba littafinta, ta danna, shiru. Ta zo ta ce, "Baba, tocilar ta mutu." Abin da ya fi sauƙi shi ne uban ya karɓa ya bubbuga ta a tafin hannunsa, ya juya batir, ya miƙa mata tana ci. Yarinyar ta samu haske, amma ba ta samu komai ba bayan shi. Maimakon haka sai ya ce, "Me kike so ta yi, kuma me take yi yanzu?" Ta ce tana so ta kama, amma ko ƙyaftawa ba ta yi. Ya ce, "Yaushe rabonki da ganin ta tana ci?" Ta ce jiya da daddare. Ya ce, "Tsakanin jiya da yanzu me ya same ta?" Sai ta tuna ƙaninta ya yi wasa da ita da rana, har ta ga ya buɗe gindinta. Da tambayoyi 3 matsalar ta tashi daga "ta mutu" ta koma "wani ya buɗe wurin batir", wanda kuwa abu ne da yarinya za ta iya dubawa da hannunta. Waɗannan tambayoyi, wato me ake so, me ake gani, me ya canza, sun isa a yi ta maimaita su shekara da shekaru, domin ranar da yaro ya fara yi wa kansa su ba tare da kowa ya ce masa ba, rabin aikin ya ƙare.

Mataki na biyu gajere ne: a ware abin da aka sani daga abin da ba a sani ba, idan matsalar tana da girma kuma a yayyanka ta. Yaron da aka ce ya gyara ɗaki ya tsaya yana kallon tarkace bai san ta inda zai fara ba, sai a taya shi raba aikin: tufafi, takalma, littattafai, sannan shara. Idan lissafin makaranta ne, a sa shi ya faɗi labarin tambayar da Hausa, da kalmominsa, ya zana ta a ƙasa ko ya jera duwatsu da murafen kwalba a madadin lambobin. Da yawa daga cikin yaran da ake cewa ba su iya lissafi ba, Turancin tambayar ne ya tare musu hanya, kuma da zarar sun mayar da ita harshensu sai a ga amsa ta fito.

Mataki na uku shi ne wanda ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi ne aka fi tsallakewa: a sa yaro ya kawo hanya fiye da ɗaya kafin ya zaɓa. A farkon shekarun 1970, wasu masana biyu a birnin Filadelfiya na Amurka, Myrna Shure da George Spivack, sun yi aiki da yara 'yan shekara 4 da 5, suka lura cewa yaran da ke iya kawo hanyoyi daban-daban na fita daga matsala ɗaya sun fi sauran iya zama da 'yan'uwansu, ba su cika saurin kai hannu ko janye jiki ba. Sun kuma nuna cewa ana iya koyar da wannan ta hanyar tambaya. Kalmar da za a riƙe a nan ita ce "sai kuma me?" Idan yaro ya kawo dabara ta farko, kada a yaba kada a kushe, a ce kawai, "To, wannan ɗaya ke nan. Sai kuma me?" A ci gaba har a samu 3 ko 4. Ko da ya kawo abin dariya ko abin da bai dace ba, misali ya ce zai ƙwace ko zai jefar, a lissafa shi cikin jerin ba tare da an ɗaure fuska ba, domin akwai mataki na gaba da zai tace shi. Idan aka kashe shawarar farko da tsawa, ta biyu ba za ta fito ba.

A wannan mataki ne haƙurin babba yake shan gwaji. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta naɗi muryoyin darussa masu yawa a azuzuwa, ta gano cewa malamai sukan jira kimanin daƙiƙa 1 ne kacal bayan sun yi tambaya kafin su maimaita, su ba da amsa da kansu, ko su koma kan wani yaro. Da aka horar da su suka riƙa jira daƙiƙa 3 ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, waɗanda ba su saba magana ba suka fara ɗaga hannu, "ban sani ba" kuma ta ragu. A gida ina ba da shawarar mutum ya ƙirga har 10 a zuciyarsa bayan ya yi tambaya. Shirun zai yi masa nauyi, bakinsa zai yi ta ƙaiƙayi, amma a cikin wannan shirun ne yaron yake aiki.

Mu kuma muna da wani ƙarin shinge, wato kunya. An tarbiyyantar da yaro kada ya haɗa ido da babba, kada ya sa baki idan manya na magana, kuma wannan ladabi ne mai kyau da ba na fatan ya gushe. Amma ya kamata yaro ya san bambanci tsakanin katse babba da amsa tambayar da babba ya yi masa. Ya zo a cikin hadisi ingantacce cewa Manzon Allah (SAW) ya tambayi sahabbansa wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, wadda take misalin Musulmi. Mutane suka yi ta ambaton itatuwan daji, Abdullahi ɗan Umar kuwa ya raya a ransa cewa dabino ce, amma ya ji kunya bai faɗa ba saboda ƙuruciyarsa. Da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, Sayyadina Umar ya nuna masa cewa da ya faɗa da ya fi soyuwa gare shi fiye da abubuwa masu yawa. Saboda haka a fito fili a gaya wa yaro, "Idan na tambaye ka, ina so in ji abin da ke ranka, ko daidai ne ko ba daidai ba." A gidajen da iyaye ke yi wa ɗan fari alkunya, ba sa sakin jiki da shi, bai kamata a bar shi haka nan ba, kaka, gwaggo, kawu ko baffa suna iya ɗaukar wannan aiki, kuma sau da yawa yaro ya fi buɗe baki a gabansu.

Mataki na huɗu shi ne auna kowace hanya. A bi jerin da yaron ya kawo ɗaya bayan ɗaya ana tambayarsa, "In ka yi haka, me zai biyo baya?" Ma'auni 3 sun isa ga ƙaramin yaro: shin akwai haɗari, shin za a zalunci wani, shin abin zai kai ga biyan buƙata. Yaron da ƙwallonsa ta faɗa gidan maƙwabta ya ce zai haura katanga, idan aka tambaye shi abin da zai biyo baya, shi da kansa zai ambaci faɗuwa, ko kwalaben da ke kan katangar, ko a ɗauke shi ɓarawo, ko kuma cewa gida ne na matan aure ba a shiga haka. Hujjar da ta fito daga bakinsa ta fi zama a ransa fiye da wa'azin da za a yi masa. Daga nan sai ya zaɓa. Idan zaɓinsa ba shi da haɗari kuma ba zalunci a ciki, a bar shi ya bi, ko da babba ya san akwai hanyar da ta fi ta sauƙi.

Mataki na biyar shi ne gwadawa, kuma ƙa'idarsa ita ce babba ya riƙe hannunsa. A 1976 David Wood da Jerome Bruner da Gail Ross sun yi nazarin yadda babba ke taimakon yara 'yan shekara 3 zuwa 5 wajen harhaɗa wani gini na 'yan katakai, suka kamanta taimako mai kyau da katakon da magina ke kafawa su taka yayin da gini ke tashi, wanda ake kwancewa da zarar ginin ya tsaya da kansa. A aikace, taimako hawa-hawa ne, kuma kullum daga na ƙasa ake farawa. Na farko shi ne kasancewa kusa kawai ba tare da magana ba. Idan yaro ya cije, sai tambaya. Idan tambaya ba ta wadatar ba, sai nuni da yatsa zuwa wurin da matsalar take. Bayan wannan sai a yi masa kashi ɗaya na aikin a bar masa sauran. Nuna masa gaba ɗaya shi ne na ƙarshe, kuma ko shi ma, bayan an nuna sai a warware a miƙa masa ya sake da hannunsa.

A misalin tocila, yarinyar ta buɗe gindin ta ga batir 2 suna ciki, ta ce ai ga su nan lafiya. Uban bai ce komai ba. Ta mayar ta danna, shiru. Ta sake buɗewa, ta fito da su tana jujjuyawa. Sai ya ce, "Dubi kawunansu, duka iri ɗaya ne?" Ta ga ɗaya gefen yana da ɗan tsini, ɗayan a shafe yake, ga kuma alamar tarawa da ta ɗebewa a jiki. Ya nuna mata cikin tocilar da yatsa, inda aka zana irin waɗannan alamu. Ta jera su yadda zanen ya nuna, ta rufe, ta danna, haske ya fito. Abin da uban zai yi cikin daƙiƙa 5 ya ci minti 10, kuma wannan minti 10 shi ne kuɗin makarantar. Don haka ba a yin irin wannan koyarwa da safe lokacin da ake sauri kada a makara; a nemi lokacin da ba a gaggawa, kamar bayan la'asar ko ranar da babu makaranta.

Wani lokaci dabarar yaron ba za ta ci ba, kuma abin da babba ya yi a wannan lokaci shi ne zai yanke ko yaron zai sake gwadawa gobe. Anas ɗan Malik, wanda ya fara yi wa Manzon Allah (SAW) hidima yana ɗan shekara 10, ya ba da labari cewa ya yi shekara 10 yana hidimar, amma bai taɓa ce masa "tir" ba, bai kuma taɓa ce masa don me ka yi kaza ko don me ba ka yi kaza ba. Ba cewa ake yi a daina horo ba. Sai dai a rarrabe tsakanin laifi da kuskure: yaron da ya ƙi zuwa aike ko ya ɓoye canji ya yi laifi, wanda kuwa ya je ya sayo abin da bai dace ba bisa kyakkyawar niyya kuskure ya yi, kuma maganin kuskure bayani ne. Idan aka haɗa su aka yi musu hukunci ɗaya, za a samu irin ɗan ƙanwata, mai dawowa da kuɗi a hannu.

Mataki na shida shi ne waiwaye, wanda ba ya ɗaukar fiye da minti 2. A tambayi yaron, "Me ka yi har ta yi?" ko kuma "A ina ta tsaya, me za ka canza in ka sake?" Idan ya bayyana hanyar da bakinsa, tana zama abin da zai iya ɗauka ya kai wani wuri, yarinyar da ta iya faɗin cewa ta tambayi kanta me ya canza tun jiya, za ta yi wa rediyo da famfo da keken ɗinki irin wannan tambaya. Yabo kuma a kula da inda ake ɗora shi. A wani bincike da Claudia Mueller da Carol Dweck suka wallafa a 1998, yaran da aka yaba wa da cewa suna da ƙwaƙwalwa sun fi karkata ga zaɓar aiki mai sauƙi daga baya, kuma sun fi saurin karaya da suka haɗu da mai wuya, idan aka kwatanta su da waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu. Maimakon "kai gwani ne", ya fi amfani a ce, "Na ga da ta farko ta ƙi ba ka jefar ba, ka sake dubawa." Haka nan a guji kwatanta shi da wansa ko 'yar maƙwabta.

Rigimar yara a junansu ita ce filin da aka fi samun damar yin wannan aiki, domin kusan kullum sai ta taso. Yara 2 suna jan keke ɗaya, abin da aka saba shi ne a ce babba ya bar wa ƙarami, ko a ƙwace keken a kulle. Hanyar farko tana koya wa ƙarami cewa kuka yana biya, tana kuma dasa wa babban jin an danne shi. Abin da ya fi shi ne a riƙe keken, a sa kowa ya faɗi abin da yake so ɗayan yana saurare, sannan kowa ya maimaita abin da ɗan'uwansa ya faɗa, wanda shi ne sashe mafi wuya a gare su. Bayan haka a ce, "Keke ɗaya ne, ku biyu ne, kowa yana so. Ku kawo mini hanya 3." Za su kawo karɓa-karɓa, ko goyo, ko zagaye 5 kowa, ko ɗaya ya hau yanzu ɗaya bayan sallah. Wadda suka amince da ita ita za a bi, babba kuma ya zama shaida kawai. Idan an kai ga duka ko jifa, a fara raba su a bari su huce, sulhu ya biyo baya.

Ba sai matsala ta taso za a yi atisaye ba, kuma kayan atisayen muna da su tun kaka da kakanni. Dara, da gidajenta 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, tana tilasta wa yaro ya hango abin da abokin karawarsa zai yi kafin ya motsa. Kacici-kacici yana koya masa juya abu ta fuskoki da yawa. Idan ana tatsuniya, a tsaya a daidai inda Gizo ya shiga tsaka mai wuya a tambayi yara yadda za su fita da su ne, kafin a faɗi abin da ya yi. Motar kara da ta gwangwani da yara ke ƙerawa makaranta ce sukutum, domin sai sun auna, sun gwada, ƙafa ta fita sun sake; kada a share musu ita da sunan tarkace. Sai kuma tsohuwar wasa ƙwaƙwalwar nan ta mutumin da zai ƙetare kogi da kura da akuya da rogo, alhali kwalekwalensa ba ya ɗaukar fiye da shi da abu ɗaya. A ja layi a ƙasa a matsayin kogi, a ba yaro dutse da kara da ganye su tsaya a madadin ukun. Yawancin yara sukan gane cewa akuya za a fara kaiwa, sannan su maƙale, domin ba ya zo musu a rai cewa ana iya dawowa da abin da aka riga aka ƙetarar. Kada a faɗa musu, ko da za su kwana 2 suna juya abin. Ƙetarawa 7 ce ke kammala shi, kuma yaron da ya gano da kansa cewa wani lokaci sai an koma baya ake ci gaba, ya samu abin da zai yi masa amfani a wurare da yawa. Ga waɗanda suka kai shekara 10, a ba su jarka mai lita 5 da mai lita 3 da bokitin ruwa, a ce su auno lita 4 cif.

Aike shi ne ma'aunin da nake amfani da shi don in ga ko abin yana kama jiki, kuma ana ɗaga shi ne sannu a hankali. Da farko, kafin yaro ya fita, a tambaye shi, "In ka tarar shagon a rufe fa? In kuɗin bai kai ba fa? In babu irin wanda na ce fa?" A bar shi ya amsa, a gyara inda ya kauce, a kuma shata masa iyaka a fili: yana iya zuwa shago na gaba amma kada ya tsallaka titi, yana iya rage yawan abin amma kada ya ci bashi. Bayan 'yan makonni a daina yin tambayoyin, a ce masa kawai, "Me za ka yi in ka samu matsala?" Daga baya kuma a ba shi kuɗi da jerin abubuwa 3 ko 4, a bar masa lissafin yadda za su isa. Haka muka yi da ɗan ƙanwata, bayan mun yi yarjejeniya da uwarsa cewa duk abin da ya yanke a cikin iyakar da aka ba shi ba za a dake shi a kai ba. Watanni kaɗan bayan haka aka aike shi sayen sabulun wanki da gishiri da ashana, ya tarar sabulu ya ƙara kuɗi. Ya sayo sabulun da gishirin, ya bar ashana, ya dawo ya ce, "Umma, na ga akwai sauran rabin kwali a kan taga, za ta kai mu gobe."